Yadda Ake Neman Fasfon Ayalan Idan Can Aka Haifi Mahaifinka ko Mahaifiyarka

Tambaya ɗaya ce ta fi yawan zuwa mini daga gida a 'yan shekarun nan: "Matata a Dublin aka haife ta, yaranmu kuma a Kaduna. Suna da haƙƙin fasfon Ayalan?" Galibi amsar ita ce e, suna da shi, kuma tun ranar da suka faɗo duniya. Ba roƙo za su yi ba, ba kuma alfarma za a yi musu ba. Aikin da ya rage kawai shi ne a tabbatar da hakan da takardu.

Ba abin mamaki ba ne da tambayar ta yawaita yanzu. Daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa 2004, 'yan Najeriya da dama sun haihu a Ayalan, wadda wasu ke rubutawa Ireland, a lokacin da duk jaririn da aka haifa a tsibirin yake da damar zama ɗan ƙasa. An dawo da wasu daga cikin jariran nan gida tun suna goye. Yau sun haura shekara ashirin, sun yi aure, sun fara tara nasu iyalin. Akwai kuma 'ya'yan mutanen Ayalan da aikin koyarwa ko na asibiti ya kawo su ƙasashenmu, suka yi aure suka hayayyafa.

Da takardun 'ya'yan ƙanwata, wadda aka haifa a Ayalan, na fara wannan aiki. Daga nan labari ya bazu, na zauna da iyalai da yawa muka cike fom tare. Abin da ke ci mini rai shi ne in ga magidanci ya zube wa ejan maƙudan kuɗi a kan abin da zai iya yi da wayarsa, ko kuma ya yi ta jinkiri har damar ta suɓuce wa jikokinsa.

Fara sanin ƙofar da za ka shiga

Kafin ka kashe ko kwabo, amsa tambaya biyu. A ina aka haifi mahaifin naka ko mahaifiyar taka? Kuma a ranar da aka haife ka, shi ɗan ƙasar Ayalan ne?

Idan a tsibirin Ayalan aka haifi ɗaya daga cikin iyayenka, kuma ɗan ƙasa ne lokacin haihuwarka, to kai ma ɗan ƙasa ne a ƙarƙashin dokar zama ɗan ƙasa ta Ayalan ta 1956 da gyare-gyarenta, ko a Zinder aka haife ka. Uwa ko uba duk ɗaya ne. Kai tsaye za ka nemi fasfo, babu wata rajista da za ka fara yi. Lura cewa tsibirin gaba ɗaya ake nufi, har da Arewacin Ayalan da ke ƙarƙashin Birtaniya, don haka wanda aka haifa a Belfast ko Derry yana ciki. Ko mahaifin bai taɓa riƙe fasfon Ayalan ba, haƙƙinka na nan. Ko ya rasu kana ciki, yana nan.

Ranar da ya kamata ka riƙe ita ce 1 ga Janairun 2005. A ranar 11 ga Yunin 2004 mutanen Ayalan suka kaɗa ƙuri'ar raba gardama, kusan kashi 79 cikin 100 suka amince a daina ba da zama ɗan ƙasa saboda haihuwa kawai, sabuwar dokar kuma ta fara aiki a farkon 2005. Wanda aka haifa kafin ranar ya tsira, in ban da 'ya'yan jami'an diflomasiyyar ƙasashen waje. Wanda aka haifa daga ranar zuwa yau sai an duba iyayensa: ko ɗayansu ɗan Ayalan ne ko ɗan Birtaniya, ko yana da izinin zama marar iyaka, ko ya zauna bisa doka shekara 3 cikin 4 da suka gabaci haihuwar. Ba a ƙirga zaman karatu ko zaman jiran amsar neman mafaka.

Ƙofa ta biyu ta waɗanda kakansu ne aka haifa a tsibirin, ko waɗanda mahaifinsu ya samu takardar zama ɗan ƙasa bayan ya zauna a can, sannan aka haife su a waje. Su sai sun shiga rajistar waɗanda aka haifa a ƙasashen waje, wadda ake kira Foreign Births Register, a taƙaice FBR. Zan zo kanta a ƙarshe.

Akwai kuma ƙofofin da suke a rufe, gara a faɗa tun yanzu. Idan an riga an haife ka kafin mahaifinka ya samu takardar zama ɗan ƙasa, ba ka gaje ta ba. Ɗan riƙo irin namu na al'ada ba ya gada. Miji ko mata ma ba sa samu ta wannan hanya: sai aure ya kai shekara 3, an kuma zauna a tsibirin na tsawon lokacin da doka ta gindaya, sannan a nema a Ma'aikatar Shari'a. Duk wanda ya ce maka zai cusa sunan yaron wani cikin iyalinka, guje shi. Ƙarya a takardar neman fasfo laifi ne a dokar fasfo ta 2008, kuma tana iya jawo wa masu haƙƙin gaskiya matsala.

Masu tsoron rasa zama ɗan Najeriya su kwantar da hankali. Ayalan ta yarda mutum ya riƙe ƙasa biyu, sashe na 28 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ma bai hana wanda yake ɗan ƙasa ta haihuwa ba. 'Yan Kamaru kuwa su yi shawara da lauya tukuna, domin dokar ƙasarsu ba ta yarda baligi ya haɗa biyu ba.

Abubuwan da za ka tanada

- Cikakkiyar takardar haihuwar mahaifin da aka haifa a Ayalan, ta asali, mai ɗauke da sunayen iyayensa.
- Takardar haihuwarka ta hukuma, ta asali, wadda sunayen iyayenka ke jiki.
- Takardar auren iyayenka idan akwai, da taka idan aure ya canza sunanka.
- Katin shaida mai hoto da gwamnati ta bayar: fasfon ƙasarka, ko lasisin tuƙi, ko katin ɗan ƙasa.
- Shaidar adireshi ta kwanan nan, kamar takardar banki ko ta kuɗin wuta, wadda ba ta wuce wata shida ba.
- Wata takarda daban da ke nuna sunan da kake amfani da shi, kamar takardar albashi ko ta makaranta.
- Hoton fasfo a waya ko kwamfuta.
- Adireshin imel da kake buɗewa kullum, da katin banki da ke iya biyan yuro.
- Na'urar buga takarda, ko shagon da za ka buga.
- Mutum ɗaya mai muƙami da ya san ka, wanda zai tsaya maka shaida.

Duk takardar da ba da Turanci ko harshen Ayalan aka rubuta ba sai an haɗa ta da fassarar mai fassara da hukuma ta sani. Wannan ya shafi mutanen Nijar da Chadi masu takardun Faransanci, da takardun aure da aka rubuta da Larabci ko Hausa.

Mataki na 1: Samo takardar haihuwar mahaifi

Ita ce ginshiƙin komai, da ita nake farawa domin ita ta fi daɗewa a hanya. Ko da akwai tsohuwa a gida, shawarata ka sayi sabuwa. Dalilina kuwa wani abu ne da ya same mu a karon farko. Mahaifiyarmu ta fito da takardar ƙanwata daga ƙasan akwati, a naɗe cikin zane, ta adana ta fiye da shekara ashirin. Don kada ta lalace, tun yarinyar na ƙarama aka kai ta shago aka manne ta da leda, har gefenta ya fara ja. Muka tura ta haka. Bayan makonni sai ga saƙo cewa ba a karɓar takardar da aka yi wa lamineshin, don ba a iya duba alamomin tsaron da ke jikinta. Laifinmu ne, da mun karanta sharuɗɗan da kyau da mun gani. Dole muka koma baya muka yi odar wata.

Idan a Jamhuriyar Ayalan aka yi haihuwar, ana odar takardar ta shafin intanet na hukumar lafiyarsu, HSE, ko daga babban ofishin rajista, General Register Office, da ke Roscommon. Yuro 20 ne, ban da kuɗin aikawa. Za a tambaye ka cikakken sunan mai takardar, ranar haihuwa, wurin haihuwa, sunan uba, da sunan gidan uwa kafin aure. A wurin haihuwa rubuta asibitin idan ka sani. A Dublin galibi ɗaya ne cikin uku: Rotunda, Coombe ko Holles Street. Idan kuwa a Arewacin Ayalan ne, ofishinsu daban ne, GRONI a Belfast, kuma da fam ake biya.

Ba dole sai mai takardar ne zai yi odar ba, ɗansa ko wani ɗan'uwa na iya yi. Wannan yana taimaka wa waɗanda mahaifinsu ya rasu ko aka rabu ba a jituwa. Idan katinka ya ƙi biya, ɗan'uwa da ke Turai ya biya, a sa adireshinsa, sannan ya aiko maka.

Katin asibiti, takardar baftisma da gajeriyar takardar da ba ta nuna sunayen iyaye ba, duk ba sa maye gurbinta.

Mataki na 2: Daidaita takardar haihuwarka

A Najeriya takardar Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, NPC, ita ce ta hukuma. Katin da ake bayarwa a ɗakin haihuwa ba ya wadatarwa. Dokar da ta wajabta rajista a hannun hukumar ta 1992 ce, saboda haka manyan da ba a yi musu rajista suna yara ba sukan yi takardar rantsuwar shekaru a kotu, su kai wa hukumar ta ba su takardar tabbatar da haihuwa. Idan irin wannan gare ka, haɗa ta da duk tsohuwar shaidar da ke nuna kai ɗan wane ne: katin rigakafi, takardar firamare, tsohon fasfo. Takardar da aka yi jiya-jiya don mutum mai shekara talatin tana jawo ƙarin tambayoyi, tsofaffin takardu ne ke amsa su.

Abu mafi muhimmanci: sunan mahaifin da aka haifa a Ayalan ya fito ɓaro-ɓaro a jikinta. Idan ta wajen uba kake nema kuma sunansa ba ya kan takardarka, sai an fara gyara wannan a inda aka yi rajistar.

Mataki na 3: Jera takardu ka duba sunaye

A nan yawancin mutanenmu ke tuntuɓe, don haka zan ɗan daɗe. Jami'in da zai duba takardunka bai san ku ba. Bai san Muhammadu da Mohammed da Mamman mutum ɗaya ne ba, bai san A'ishatu ita ce Aisha ba. Bai san al'adarmu ta ɗaukar sunan uba a matsayin suna na biyu ba, balle ta ƙara sunan gari a makaranta. Abin da yake nema shi ne sarƙa: wannan matar da aka haifa a Cork ita ce dai aka rubuta a matsayin uwa a takardar wannan yaron na Zariya.

Ga yadda nake yi. Nakan shimfiɗa takardun duka a kan tebur, in ɗauki farar takarda in ja layi uku: sunan takarda, yadda aka rubuta suna harafi bayan harafi, da ranar haihuwa. In cike wa mahaifi nasa, in cike wa ɗa nasa. Cikin minti goma duk inda sarƙar ta tsinke zai bayyana.

Mafi yawan tsinkewar a wajen mata take. An haife ta da sunan gidansu, ta yi aure ta ɗauki sunan miji, takardar yaro kuma ta fito da sabon sunan. Takardar aure ce ke ɗinke wannan. Idan a masallaci ko a ƙofar gida aka ɗaura auren kuma ba a karɓi takarda ba, je kotun shari'a ko ƙaramar hukumar da ke ba da shaidar aure ka karɓo. Ka sani cewa auren iyaye ba sharaɗi ba ne na zama ɗan ƙasa, amfanin takardar shi ne bayyana dalilin canjin suna.

Idan bambancin rubutu ne kawai, takardar rantsuwa daga kotu tare da gajeriyar wasiƙar bayani suna taimakawa. Amma idan kana so fasfon ya fito da sunan da ya saɓa wa na takardar haihuwarka, kuma ba aure ne ya canza shi ba, za a nemi takardun da ke nuna ka yi shekara biyu kana amfani da sunan. Ni dai shawarata ga mai neman fasfon farko ita ce ya bi sunan da ke takardar haihuwarsa, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Bambancin ranar haihuwa kuwa ba a rufe shi da wasiƙa. Koma inda aka yi kuskuren a gyara kafin ka taɓa fom.

Kada ka kankare, kada ka goge, kada ka ƙara ko ɗigo da biro a kan takardar asali.

Mataki na 4: Hoto

Hoton kala ne, wanda bai wuce wata shida ba, a jikin bango fari ko mai ruwan toka-toka, fuska na kallon gaba, baki a rufe, babu inuwa. Wani ne zai ɗauke ka, ba ka miƙa hannu ka ɗauki kanka ba. Nau'in JPEG ake so, kuma kada a ɗauki hoton wani hoton da aka wanke. Ka gaya wa mai shagon hoto kada ya goge fuska ko ya canza bango da kwamfuta, don al'adarsu ce su yi hakan ba tare da an tambaye su ba.

An yarda da hijabi da duk abin rufe kai na addini, muddin fuska ta fito daga haɓa zuwa goshi. Mace ta sa mai duhu, saboda farin hijabi yana narkewa cikin farin bango. Jariri kuma a kwantar da shi a kan farin zanen gado a ɗauka daga sama, kada hannun mai riƙe shi ya fito.

Mataki na 5: Cike fom a intanet

Shiga shafin Ma'aikatar Harkokin Wajen Ayalan, ireland.ie, ka nemi Passport Online. Rubuta adireshin da hannunka, kada ka bi mahaɗar da aka turo maka a WhatsApp, domin akwai shafukan da ke kwaikwayon na gwamnati suna cajin kuɗin banza. Zaɓi neman fasfo na farko. Idan aka tambaye ka ta yaya ka zama ɗan ƙasa, zaɓi cewa an haife ka a waje kuma ɗaya daga cikin iyayenka haifaffen Ayalan ne. Wannan zaɓin shi ke tantance takardun da za a nema a wajenka, don haka ka natsu a kansa.

Ajiye takardunka a gabanka kana kwafa daga jikinsu, kada ka rubuta da ka. Fasfon babba na shekara 10 yuro 75 ne, na yaro na shekara 5 yuro 20, sai ƙarin yuro 15 na aikawa ga wanda ke wajen Ayalan. Farashin kan canza, wanda shafin ya nuna maka shi ne daidai. Katin naira ba kullum yake wucewa ba. Idan ya ƙi, yi amfani da katin dala, ko wani ya biya maka da nasa, ba dole sunan katin ya zama naka ba.

Da ka biya za a ba ka lambar nema, a kuma turo maka takardun da za ka buga: shafin farko mai jerin abubuwan da za ka aika da adireshin da za ka aika su, da fom ɗin tabbatar da kai wane ne. Wannan jerin shi ne alƙali. Shi zai gaya maka inda ake son takardar asali da inda kwafin da lauya ya buga wa hatimi ya isa. Idan ya ce fasfonka na asali, ka tuna ba ka da tafiya har sai ya dawo.

Mataki na 6: Mai shaida

Fom ɗin na ɗauke da jerin waɗanda aka yarda da su: likita, lauya, ɗan sanda, shugaban makaranta, manajan banki, akanta, malamin addini, zaɓaɓɓen wakili da makamantansu. Dole ya kasance yana kan aikinsa, ya san ka, kuma ba ɗan'uwanka ba. A gabansa za ka sa hannu, ba a gida ba. Shi ma ya sa hannu, ya rubuta kwanan wata, ya buga hatimin ofishinsa, ya ba da lambar wayar wurin aikinsa.

Mutane kan nemi mai babban muƙami suna ganin zai fi ƙarfi. Ba girman kujera ake dubawa ba, wanda zai ɗaga waya ake so, domin ofishin fasfo yakan kira mai shaida ya tabbatar shi ya sa hannu. Mun taɓa sa wani shugaban makaranta, mutumin kirki, amma ba ya ɗaga baƙuwar lambar ƙasar waje saboda tsoron 'yan damfara. Aka kira ba a same shi ba, sai da muka sake buga fom muka nemi wani. Tun daga ranar nakan gaya wa mai shaida cewa lambar za ta fara da +353, kuma a lokacin aiki za a kira. Agogonsu daidai yake da na Najeriya daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, sauran watannin suna bayanmu da awa ɗaya.

Sa hannun mai shaida wata shida yake aiki, saboda haka kada ka kai masa fom sai sauran takardunka sun kammala.

Idan yaro ake nema wa, duk masu kula da shi a doka, galibi uwa da uba, sai sun sa hannun amincewa a gaban mai shaida. Idan ɗaya ya rasu a haɗa da takardar mutuwa. Idan suna garuruwa daban, kowa na iya sa hannu a gaban nasa mai shaidar. Idan kuwa an rabu kuma ɗaya ya ƙi, magana ta koma kotu.

Mataki na 7: Aikawa

Ɗauki hoton kowace takarda gaba da baya, ka yi kwafi ka ajiye. Sa shafin farko a sama, sauran a bayansa bisa tsarin jerin, cikin ambulan mai kauri. Kada ka naɗe, kada ka ɗinke su da ƙarfe. Aika ta kamfanin da ke ba da lambar bin sawu, zuwa adireshin da ke shafin farko kaɗai. Kada ka damƙa wa matafiyi takardun asali don rage kuɗi. Idan yara biyu ko uku ke dogaro da takardar haihuwar uwa ɗaya, tura nasu cikin ambulan ɗaya tare da wasiƙa mai ɗauke da lambobin nemansu duka.

Idan wani abu ya shige maka duhu, ofishin jakadancin Ayalan yana Abuja.  Rubuta musu imel da lambar nemanka kafin ka yi asarar kuɗin mota.

Mataki na 8: Jira

Ƙirga ba ya farawa ranar da ka biya kuɗi, sai ranar da takardu suka isa kuma aka ga sun cika. Ƙa'idar da suke bayarwa ga fasfon farko kimanin ranakun aiki 20 ce, amma takardun ƙasashen waje kan ɗauki fiye da haka saboda tantancewa, ga kuma kwanakin hanya. Bi sawu da lambarka a shafinsu, ka riƙa duba imel har da akwatin tarkace. Idan aka nemi ƙarin takarda, tura abin da aka nema daidai, da wuri. Kada ka sayi tikitin jirgi sai fasfo ya shigo hannunka. Takardunka na asali za a dawo maka da su, sau da yawa a wani ambulan daban.

Bayan fasfo ya iso

Duba suna da ranar haihuwa nan take, ka sa hannu. Da shi za ka iya zama da aiki a ƙasashe 27 na Tarayyar Turai, har da Birtaniya, saboda tsohuwar yarjejeniyar zirga-zirga da ke tsakaninta da Ayalan wadda ficewar Birtaniya daga tarayyar ba ta rushe ba. Fita da shiga Najeriya kuwa da fasfon Najeriya za ka yi, in ba haka ba sai ka nemi biza zuwa ƙasarka. Wajen aiki a Ayalan za ka buƙaci lambar PPS, wato lambar da gwamnati ke ba mutum don haraji da sauran hulɗa da hukuma.

Abu biyu ne iyaye ke yawan fahimta a baibai. Fasfo kaɗai ba ya ba yaro rangwamen kuɗin jami'a: sai ya zauna shekara 3 cikin 5 da suka gabata a Ayalan, ko wata ƙasar Tarayyar Turai, ko Birtaniya da wasu ƙasashe kaɗan da ke cikin tsarin. Na biyu, matarka ko mijinki ɗan Najeriya sai ya nemi bizar haɗuwa da iyali kafin ya bi ki.

Idan ta kaka ce, da kuma batun 'ya'yanka

Mai bin ƙofar FBR zai yi kusan duk abin da na lissafa, sai dai sarƙarsa hawa uku ce: takardun kaka, na mahaifi, da nasa. Kowane hawa da takardar haihuwa, da ta aure idan akwai, da kwafin katin shaida ko takardar mutuwa. Idan mahaifi takardar zama ɗan ƙasa ya samu, ita za a tura a madadin takardun kaka. Ana cike fom a shafin ma'aikatar, a haɗa da hotuna huɗu, mai shaida ya sa hannu a bayan biyu. Yuro 278 ne ga babba, 153 ga yaro. Yakan ɗauki watanni da dama, kuma a shekarun da suka biyo bayan ƙuri'ar ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai ta 2016 ya taɓa kai shekara biyu saboda cunkoso. Wanda kakansa ya daɗe sosai zai iya neman bayanansa kyauta a irishgenealogy.ie, inda ake sa rajistar haihuwar da ta haura shekara 100. Tun 1864 suke rubuta haihuwa. Sai takardar FBR ta fito sannan a nemi fasfo.

Yanzu ga abin da nake roƙon kowa ya riƙe. Kai da aka haifi mahaifiyarka a Dublin ɗan ƙasa ne kai tsaye, amma 'ya'yanka da za a haifa a waje ba haka suke ba, sai an sa su a FBR. Kuma wanda ya shiga ta FBR yana zama ɗan ƙasa ne daga ranar da aka rubuta shi, ba daga ranar haihuwarsa ba. Ma'ana, idan 'yarka ta haihu kafin a yi mata rajista, jaririn ya rasa, kuma babu gyara daga baya. Na ga gidan da ƙanin ya samu, wan bai samu ba, saboda tsakanin haihuwarsu ne takardar uwar ta fito. Tun ran gini ran zane: yi wa yara rajista suna ƙanana, lokacin kuɗin ma ya fi sauƙi. Idan kuma an riga an tura takardu sai ciki ya bayyana, a sanar da sashen FBR nan take tare da takardar likita mai nuna watan haihuwa, domin suna da tsarin gaggauta irin wannan nema.